Ranar Da Na Ce Ban San Baba Ayuba Ba

Ɗiyata Tabita,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya sa kin isa lafiya, ya tsare ki a mota, ya tsare ki a kan babur, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda aka sauke ki. Babanki yana gaishe ki ƙwarai. Yayanki Ishaku ma ya ce in miƙa gaisuwarsa.

Na so in zaunar da ke in faɗa miki wannan magana da baki kafin ki tafi, amma kin san halina. Da na fara, hawaye ke riga maganar fitowa, ke kuma sai ki mai da abin wasa don ki ba ni dariya. Shi ya sa na rubuta. Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Labarin kaina zan ba ki, wanda ba ki taɓa ji ba.

An tura ki aikin ungozoma a ƙaramin asibitin ƙauye can bayan Ka'oje, dab da iyakar Benin. Kin ce mini ke kaɗai ce Kirista a cikin ma'aikatan, kika yi dariya kika ce ba komai. Na yarda ba komai. Amma ni ma na taɓa zama ni kaɗai a cikin mutane, kuma ban yi abin kirki ba.

Tun kafin a haife ki ne, Ishaku yana tatata. Babanki ya faɗo daga kan gini a nan Bagudo, ƙugunsa ya karye, ya kwanta ba ya ko iya juyawa. Mu baƙi ne, daga ƙasar Zuru muka zo, ba gona, ba dangi kusa. Wata maƙwabciya ta ce in gwada sarin kifin banda, ta haɗa ni da wata mata a Lolo mai suna Hajiya Balki. Ita ce uwar ɗakin matan da ke saye a hannun masunta, su ƙetare gulbi zuwa kasuwar Dole Kaina su sayar. Mace ce katuwa, ga goro kullum a baki, tana jin Hausa da Dandanci da ɗan Faransanci, matuƙan jirgi duk suna shakkar bakinta. Amma ban taɓa ganin mai tausayi irin nata ba.

Ranar farko muna cikin jirgi, injin yana ta ƙara, ta matso ta ce, "Mi sunanki, ɗiyata?"

Na ce, "Rifkatu."

Ta ce, "Rukayyatu? Suna mai kyau."

Tabita, abin da ya kamata in yi bai fi buɗe baki ba. In ce, a'a Hajiya, Rifkatu, ni Kirista ce. Amma na dubi matan da ke cikin jirgin, na tuna babanki a kwance, na ce a raina in na gyara wataƙila a ce babu wuri. Sai na yi murmushi na yi shiru. Ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya tilasta ni. Ni na tsorata kaina.

Abin da zan fara roƙonki ke nan. Ki bari a san ko ke wace ce tun ranar farko. Ba sai kin yi shela ba, ba sai kin ɗaga murya ba. In an tambaya ki faɗa, in an yi kuskure ki gyara da fara'a. A ranar farko maganar ba ta da nauyi ko kaɗan. Kowace rana da ta wuce sai ta ƙara nauyi, har ta kai inda ba za ki iya ɗaga ta ba.

Haka ta yi mini. Na fara cire 'yar sarƙata mai gicciye tun a tashar Bagudo, in ƙulle ta a bakin zane. In lokacin salla ya yi, sai in ce su je ni zan tsare kaya, har suna yaba mini. In za mu ci abinci, sai in yi addu'a ido buɗe, baki a rufe, kamar mai satar wani abu. Da azumi ya zo, na riƙa laɓewa bayan rumfar masu gishiri ina shan ruwa. Ran Lahadi kuma in yi kwalliya in tafi sujada a majami'a, in zauna cikin ƙungiyar matan zumunta in fi kowa ɗaga murya a waƙa. Babanki bai san komai ba. Na gaya wa kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi.

Ana nan sai ɗiyar Hajiya, Hadiza, ta fara naƙuda wata safiya ina gidansu ina jiran jirgi. Haihuwar fari ce, ta zo da wahala. Ni na riƙe ta, ni na yi ta shafa mata baya, ina yi mata addu'a a zuci cikin sunan Yesu, har Allah ya sauke ta lafiya, ta sami ɗiya mace. Ranar suna ina zaune cikin mata sai na ji ana cewa yarinya ta ci sunan Rukayya. Hajiya ta kama hannuna, ta ɗora mini jaririyar a cinya, ta ce, "Ga takwararki nan. Ni na roƙi ubanta."

Mata suka yi ta guɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai. An sa wa yarinya sunana, sunan kuma ba nawa ba ne.

Kin san Baba Ayuba a hoto kawai, wanda ke rataye a ɗakin babanki. Mai bishara ne, tsoho siriri, yana yawo ƙauye-ƙauye a kan wani tsohon keke, har cikin Benin yakan shiga. Ranar da babanki ya faɗo, shi ya nemo motar da ta kai shi wurin mai ɗori. Shi ya riƙa zuwa yana juya shi, yana yi masa wanka, abin da ko ɗan'uwa na jini ba kowa zai yi ba. Yakan zo da ɗan gero a ƙunshi ya ajiye bayan ƙofa, kamar ba shi ya kawo ba.

Wata ranar kasuwa a Dole Kaina, rana ta take, ina zaune kusa da Hajiya, kwandunan tarwaɗa a gabanmu. Sai na ji murya daga nesa.

"Rifkatu! Maman Ishaku! Ashe nan kike kasuwa?"

Na ɗaga kai. Baba Ayuba ne, yana ture kekensa cikin mutane, fuskarsa cike da murna. Ya zo har gabana ya tsaya. Hajiya ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kin san shi?"

Na ce, "Ban san shi ba."

Na juya wurinsa, na dubi ƙwayar idonsa, na ce, "Malam, ba ni ba ce. Ka yi kuskure."

Na ga idonsa ya sauka a wuyana inda sarƙar ba ta nan, ya koma kan Hajiya, ya dawo kaina. Ya gane komai. Ina jira ya tona ni, don yana da iko. Sai ya ɗan rusuna ya ce, "Ki gafarce ni, baiwar Allah. Idon tsoho ne." Ya juya kekensa ya tafi. Ina kallon bayansa, rigar ta jiƙe da gumi, har ya ɓace cikin masu awon shinkafa.

Hajiya ta ce, "Wayyo, tsohon kirki, rana ta dake shi." Ta ci gaba da ciniki. Ni kuwa ban san yadda na kai yamma ba.

Na san ba Baba Ayuba kaɗai na ce ban sani ba. Wanda ya aiko shi gidanmu da gero, shi na yi wa musu. Ki lura da wannan, ɗiyata. Da wuya wani ya tsayar da ke ya ce ki yi musun Almasihu kai tsaye. Yawanci ta kan mutanensa abin ke zuwa. Wata rana wata matalauciya mai tsumma za ta shigo asibitinku ta gaishe ki cikin sunan Ubangiji a gaban abokan aikinki. Wata rana za a yi wa wani ɗan'uwa dariya, a juyo ana jiran taki dariyar. Nan ne wurin gwajin. Ki amsa gaisuwar da muryar da kowa zai ji.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, ko da yake ya yi kama da kunya. Na daina zuwa sujada. Ran Lahadi sai in ce kaina na ciwo, ko in ce wankin babanki ya taru. Na ce a raina, da wane baki zan yi waƙa? Da wane ido zan dubi tsohon nan? Har addu'a na daina, don na ɗauka an rufe mini ƙofa. Damina ta shigo ta same ni a haka. Na rame, babanki yana tsammani wahalar hanya ce.

Wata ranar Asabar da hantsi ina tankaɗe, sai na ji ƙarar keke a ƙofar gida. Na so in gudu ɗaki, ban sami dama ba. Baba Ayuba ya yi sallama, ya gaishe ni kamar kullum, ya shiga wurin babanki. Suka yi hira, suka yi dariya, ya yi masa addu'a. Da ya fito ya ce, "Maman Ishaku, a ba ni ruwa." Na kawo masa. Ya sha, ya miƙo mini kwanon, ya ce, "Matan zumunta sun ce waƙa ba ta tashi in ba ki nan."

Na durƙusa a gabansa na fashe da kuka. Na ce, "Baba, na yi musunka. Na yi musun Ubangiji. Ni ba ta shiga majami'a ba ce."

Ya zauna a kan turmi ya bar ni na yi kukana. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ranar nan na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na yi nisa a hanya ban iya hawa keken ba. Amma na roƙa miki gafara tun ban bar kasuwar ba. To ni da nake ƙasa da toka na yafe, balle wanda ya mutu dominki? Majami'a ai don irinmu aka gina ta. Abin da kika yi a kasuwa faɗuwa ce. Wannan zaman da kike yi a gida kuwa, ƙin tashi ne."

Na ce, "To yaya zan yi da Hajiya?"

Ya ce, "Wannan ba ni zan faɗa miki ba. Kin riga kin sani."

Tabita, ban yi miki fatan faɗuwa ba. Amma ke mutum ce, kuma kina nesa da mu. In ta faru, ko ƙarama ko babba, kada ki ɓuya. Kada ki ce sai kin gyara kanki kafin ki koma wurin Allah. Ki koma da dauɗarki a ranar. Ki kira ni a waya ki faɗa mini, ba zan yi miki ihu ba. Uwar da ta yi abin da na yi ba ta da bakin ihu.

A ranar na faɗa wa babanki komai. Ya ce, "Saboda ni kika yi. To ki je ki gyara saboda Allah. In kifin ya ƙare, wanda ya ciyar da mu zuwa yau bai mutu ba."

Na sami Hajiya a gidanta a Lolo tana jera kifi cikin kwali. Na tsuguna na ce, "Hajiya, ina da magana. Sunana Rifkatu, ba Rukayya ba. Ni Kirista ce tun haihuwa. Tsohon nan na kasuwa, uba ne a gare ni."

Ta ajiye kifin da ke hannunta. Na zaci zagi zai biyo baya, sai na ga idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Ke! Kwano guda muka ci. Ɗakina kika kwana. Na ɗauki jikata na ba ta sunanki. Mi na yi miki da kika ɗauke ni macen da za ta kori mai neman abincin mijinta don addininta? Shin an hwaɗa miki ban taɓa ciniki da Kirista ba?" Ta nuna mini ƙofa ta ce, "Tashi ki ba ni wuri."

Ba addinina ya ɓata mata rai ba, ƙaryata ce. Da na ɓoye kaina, ban yi wa Ubangiji kaɗai laifi ba, na zalunci matar nan, na yanke mata hukunci ban ba ta dama ta nuna halinta ba. Kada ki yi wa mutanen da za ki zauna da su haka. Yawancinsu masu tsoron Allah ne, kuma mai tsoron Allah ya fi ganin girman wanda ya riƙe addininsa da gaske.

Ba zan ce miki abin ya zo da sauƙi ba. Hajiya ta daina yi mini magana. Wasu matan suka daina cin abinci da ni, wata takan janye zanenta in na zauna kusa da ita a jirgi. Masu saye na dindindin wasu suka koma wani wuri. Mun sha kunu ba sukari a gidan nan har muka saba. Amma na sa sarƙata a wuya, na rufe ido na yi addu'a a kan abincina a tsakiyar kasuwa, kuma na ji iska na shiga ƙirjina yadda ta daɗe ba ta shiga ba.

Allah ya ta da babanki, ya fara takawa da sanda. Bayan haka na sami cikinki. Kwana kaɗan da haihuwarki ina ɗaki sai na ji wata babbar murya a tsakar gida tana cewa, "Ina Rufkatu take? Ko Rifkatu ne? Wanga suna naku sai ya karya wa mutum harshe!" Hajiya ce, ta biyo mota tun daga Lolo, da kwandon kifi da turmin atamfa. Ta ɗauke ki ta yi ta juya ki, ta ce hancin babanki ne. Ba ta ta da tsohuwar magana ba, ni ma ban tayar ba. Muka ci gaba da kasuwa tare har ƙafafunta suka gaza. Rukayya kuwa da kika sani, mai kawo mana man shanu da Kirsimeti, ita ce jaririyar nan. Har yau takwara take ce mini. Tana aure ba nisa da inda aka tura ki, ki neme ta, yayarki ce.

Akwai wani kuskure kuma da na yi bayan na dawo hanya. Na yi zafi fiye da kima. Na ɗauka tunda na taɓa yin shiru, yanzu dole in rama da surutu. Kowa ya taɓa maganar addini sai in hau gardama. Wata rana na gaya wa wata abokiyar kasuwa magana mai zafi a kan azuminta, har ta yi kuka. A cikin makon kuma na jera kifi mai kyau a sama, na ɓoye wanda ƙwari suka fara ci a ƙasan kwando. Matar da ta saya ta dawo da shi, ta zazzage a gabana, ta dubi gicciyen da ke wuyana ta ce, "Ashe ku ma haka kuke?" Wannan kalma ta fi marin fuska. Na gane ana iya yin musun Almasihu da hannu alhali baki yana ta kiran sunansa.

Don haka ki bar gardama. In an tambaye ki abin da kika gaskata, ki faɗa a hankali, iya abin da kika sani. In suna salla ki rage murya, in suna azumi kada ki ci a gabansu, in sun yi biki ki je ki taya su murna. Shaidarki tana hannunki. Matar da za a kawo miki a kan amalanke tana naƙuda, ko Bafulatana ce, ko daga ƙetaren iyaka ta zo ba ta jin Hausa, ki riƙe ta kamar ni ce. Kada ki daka mata tsawa. Kada ki ɗauki maganin asibiti ki sayar, ko kowa yana yi.

Ki nemi inda 'yan'uwa ke taruwa ran Lahadi, ko rumfar kara ce, ko su kaɗan ne, ko da wani yare suke waƙa. Ki zauna cikinsu ki ce amin. Ni da na ware kaina na ga yadda zuciya ke sanyi. In kuma wani ya nuna yana sonki, ki bari ya san inda kika tsaya tun kafin zuciyarki ta yi nisa.

Na san zamani ya canza, hanyoyin can ba kamar da ba, muna jin abubuwa. Ban ce ki yi wauta ba. Ki ji shawarar mutanen gari, in sun ce kada a bi wata hanya, kada ki bi. In kuma ranar tsanani ta zo, wadda nake roƙon Allah kada ta zo, ba zan yi miki alfahari in ce ga abin da ni zan yi ba. Ni da na faɗi a gaban kwandon kifi. Abin da na sani shi ne, ƙarfin tsayawa ba daga cikinmu yake fitowa ba, bayar da shi ake yi a lokacin da ake bukata. Ki roƙa kowace safiya, za a ba ki.

Zuciyata a kwance take a kanki. Na ga yadda kika tashi, kin fi ni gaskiya, kin fi ni ƙarfin hali tun kina ƙarama. Kuma wanda ya bi ni har tsakar gidana lokacin da nake gudunsa, ba zai bar ki ba ke da kike nemansa.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya sa albarka a hannuwanki, duk jaririn da zai faɗo cikinsu ya zo da rai da lafiya, uwarsa ta tashi lafiya. Ya ba ki farin jini wurin manya da yara. Ya kare ki daga mugun mutum, da mugun ruwa, da zazzaɓin damina. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro, ki ci abinci a kan lokaci. Ya dawo mana da ke lafiya, mu zauna benci ɗaya ran Lahadi, ki ja waƙa ni in amsa. Amin.

Ni ce,
Mamarki